Alƙawari Kaya Ne: Tsokaci a Kan Rigimar Notis Tsakanin Ma'aikaci da Ubangidansa



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Gabatarwa

Akwai wata rigima da ta yawaita a wuraren aikinmu a 'yan shekarun nan, wadda ba kasafai ake taɓo ta a kan mumbari ko a zauren karatu ba, alhali tana ɓata zumunci, tana kuma jawo cin haƙƙin mutane ba tare da mai ci ya ɗauka ya yi wani laifi ba. Ina nufin rigimar notis, wato wa'adin da ma'aikaci yake bai wa wurin aikinsa kafin ya ajiye aiki.

Duk inda ka je kusan siffarta ɗaya ce. Malami a makaranta mai zaman kanta zai karɓi albashinsa ranar Alhamis, ranar Litinin a wayi gari babu shi babu dalilinsa, sai can da hantsi saƙo ya shigo wayar shugaban makaranta cewa ya samu wani aiki, a yafe masa. 'Yan ajin ƙarshe kuwa saura 'yan makonni su zauna jarrabawar WAEC, ga shi ba a kammala manhaja ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti za ta rubuta takarda cikin ladabi ta ba da wa'adin wata guda, sai mai asibitin ya fusata, ya ce ta tattara nata ya nata ta bar masa wuri a ranar, albashin watan da ta yi wa aiki kuma ya bi ruwa.

Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne notis bashi ne a wuyan ɓangarorin biyu. Ma'aikacin da ake biya haƙƙinsa ba shi da ikon sulalewa ba sallama don kawai ya samu inda ya fi maiƙo, haka nan ubangida ba shi da ikon mayar da notis igiyar ɗaure mutum ko hanyar cinye guminsa.

Me ya sa rigimar ta yi yawa?

Ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada a Nijeriya, kuɗin mota kaɗai yana iya lashe kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. A watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 daga Naira 30,000 da aka tsayar a 2019, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan wurare ne da yawan matasanmu suke aiki: ƙananan makarantu, shagunan magani, wuraren buga takardu da makamantansu. Saboda haka matashi ya nemi inda ya fi albashi ba abin zargi ba ne. Tambayar tana kan yadda zai fita daga inda yake.

Dalili na biyu shi ne rashin rubutu. Da yawa da baki ake ɗaukarsu aiki, a gaisa, a faɗi albashi, a ce Allah Ya sa albarka, ba wanda ya ambaci yadda za a rabu saboda kunya. Ranar da rabuwa ta zo sai kowa ya kawo tasa ƙa'idar. Na uku kuma, wanda ya fi muni, shi ne yarda ta yi ƙaranci. Ma'aikaci yana tsoron in ya sanar za a riƙe masa albashi, sai ya ɓoye. Ubangida yana tsoron za a gudu a bar shi, sai ya riƙe. Kowa yana gudun zaluncin ɗan'uwansa ta hanyar riga shi yin zaluncin.

A da can, yaron da ya yi wa ubangida hidima a kasuwa ba ya tafiya sai an sallame shi, a sa masa albarka, sau da yawa ma a haɗa masa da jari. Tsarin ya canja, amma ma'anar sallama ba ta tsufa ba, kuma notis ita ce sallamar aikin albashi.

Matsayin aikin albashi a fiƙihu

Malaman fiƙihu suna tattauna aikin albashi a babin Ijara. Wanda aka ɗauka ya ba da lokacinsa ga mutum ɗaya, kamar malamin makaranta ko mai gadi, shi suke kira "ajirun khas", saɓanin tela ko makaniki da yake karɓar aikin jama'a da yawa. Asali a wurin malaman mazhabobi huɗu, Ijara ƙulli ne mai lizimta, wato idan an ƙulla shi ba ya halatta ɓangare ɗaya ya warware shi don ganin dama. Hanafiyya sun faɗaɗa wajen halatta warwarewa saboda uzuri, sauran kuma sun fi ƙuntatawa.

Malamanmu na Malikiyya suna da wani rarrabewa mai amfani a babin haya. Akwai "wajiba", wato hayar da aka yanke mata wa'adi sananne, kamar a ce shekara guda daga yau. Wannan dole ce a kan kowa har wa'adin ya cika. Akwai kuma "mushahara", wato a ce kowane wata kaza ba tare da an faɗi ranar ƙarewa ba. Wannan kowane ɓangare yana iya janyewa, sai dai idan an riga an biya kuɗi a gaba, to ta lizimta gwargwadon abin da aka biya. Idan muka auna aikin zamaninmu da wannan ma'auni, wanda ya sa hannu a kwangilar shekara guda ko ta zangon karatu yana kama da na farko, wanda aka ɗauka aiki ba ranar ƙarewa kuma yana kama da na biyu. Ke nan yana da 'yancin tafiya. Amma wanda ya karɓi albashin gaba ya san cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To ina notis ya shigo? Ya shigo ta ƙofar sharaɗi. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai da su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura, kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya tabbatar da cewa Musulmi suna nan a kan sharuɗɗan da suka gindaya wa juna, ban da sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sharaɗin cewa mai son tafiya ya sanar da wata guda bai halatta wata haram ba, hasali ma kariya ce daga cutarwa. Saboda haka duk wanda ya karɓi takardar ɗaukar aiki da wannan sharaɗi a ciki, ya kama aiki a kai, to ya ɗauki alƙawari, alƙawari kuwa kaya ne.

Mai karatu ya dubi ƙissar Annabi Musa (AS) da dattijon Madyana a Suratul Ƙasas, daga aya ta 26 zuwa ta 29. An faɗi wa'adin aiki tun farko: shekara takwas, in ya cika goma to kyautatawa ce daga gare shi. Mai ɗaukar aikin ya bayyana cewa ba ya nufin ƙuntata masa. Annabi Musa kuma ya tabbatar wa kansa 'yancin tafiya idan ya cika kowanne daga wa'adin biyu ba tare da an tsangwame shi ba, sannan suka sanya Allah shaida. Ayar da ta biyo baya ta nuna bai kama hanya da iyalinsa ba sai da ya kammala wa'adin, kuma Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa wa'adin da ya fi tsawo ya cika. A wannan ƙissa tun ranar shiga aka yi maganar ranar fita, kuma babu wanda ya ji kunyar yin ta.

Sanarwa kafin rabuwa tana da asali

Wani zai ce notis al'adar Turawa ce da aka shigo mana da ita. Sunan da ƙidayar kwanakin na iya zama baƙi, amma ma'anar tsohuwa ce a wurinmu. A aya ta 58 ta Suratul Anfal an umarci Manzon Allah (SAW) cewa idan ya ji tsoron ha'inci daga mutanen da ke da yarjejeniya da shi, ya sanar da su a fili cewa an warware ta, ta yadda ɓangarorin biyu za su zama daidai wajen sani. A farkon Suratut Tauba kuma an bai wa mushirikai wa'adin wata huɗu.

Abu Dawud da Tirmizi sun kawo cewa akwai yarjejeniya tsakanin Mu'awiya (RA) da Rumawa, sai ya fara matsawa da runduna kusa da iyakarsu don ya afka musu da zarar wa'adi ya ƙare. Sahabi Amru ɗan Abasa (RA) ya zo a kan abin hawa yana kira da a cika alƙawari, ya tunatar da shi abin da ya ji daga Annabi (SAW) game da haka, sai Mu'awiya ya juya da mutane. Waɗannan nassoshi a kan yaƙi da sulhu suke, ba na cewa hukuncin aikin ofis aka saukar a cikinsu. Amma darasin a fili yake: idan abokin gaba ma ba a yarda a shammace shi ba, ina ga mutumin da ka shekara kana cin abinci ta hannunsa, ko ma'aikacin da ya shekara yana yi maka hidima?

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Yana da kyau matashi ya san haƙƙinsa a doka, domin rashin sani ne yake sa a tsorata shi da abin da ba shi da tushe. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tsayar da mafi ƙarancin notis kamar haka, kuma a kan ɓangarorin biyu yake: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 amma bai kai 5 ba, wata ɗaya ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya zama a rubuce. Sashen ya yarda wani ɓangare ya yafe haƙƙinsa na notis ko ya karɓi kuɗi a madadinsa, ya kuma wajabta a biya ma'aikaci dukkan albashinsa kafin wa'adin ya ƙare ko a ranar ƙarewarsa. Sashe na 7 kuma ya ɗora wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3 da fara aiki.

Sai dai a lura, wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne abin dubawa, idan kuma ba a rubuta komai ba kotu tana duba wa'adin da ya dace da irin aikin.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ubangida ba shi da ikon cewa bai karɓi murabus ba. Kotunan Nijeriya sun daɗe a kan wannan, tun daga shari'ar Benson da Onitiri ta 1960, kuma sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana aikin tilas. Abin da ubangida yake da shi idan an tafi ba notis shi ne neman diyya, wadda galibi ita ce albashin kwanakin wa'adin. Kotun da ke sauraron irin wannan ƙara ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya keɓe wa shari'o'in ƙwadago, tana kuma da rassa a garuruwa irin su Kano da Kaduna.

Biyan kuɗi a madadin notis

Nan ne wasu 'yan'uwa suke samun shubuha, su ce ta yaya za a karɓi kuɗin mutum ba a sayar masa da komai ba? Bukhari ya kawo daga Ibn Sirin cewa wani mutum ya ce wa mai ba da hayar raƙuma ya shirya masa dabbobinsa, idan bai yi tafiyar a rana kaza ba zai ba shi dirhami 100. Ranar ta zo bai fita ba. Alƙali Shuraihu ya hukunta cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa ba tare da tilas ba, to ya hau kansa.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 da ta yi a Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi na diyya a ƙulle-ƙullen dukiya, ban da inda abin da ke wuyan mutum bashi ne, domin ƙari a kan bashi riba ce. Ta kuma sa masa iyakoki: diyyar ta zama a kan asarar dukiya ta haƙiƙa, ba a aiki da sharaɗin idan saɓawar ta faru ne da dalilin da ya fi ƙarfin mutum ko aka tabbatar ba wata cuta da ta auku, kuma alƙali yana iya rage adadin idan an wuce gona da iri. A fahimtata kuɗin madadin notis yana shiga wannan babi da iyakokinsa.

Mu ƙaddara malami yana ɗaukar Naira 60,000 a wata, sharaɗinsa notis na kwana 30, sai ya ba da na kwana 10. Abin da ya rage a kansa kwana 20 ne, wato Naira 40,000. Idan makarantar tana riƙe da albashinsa na wata biyu, Naira 120,000, ba ta da hujjar haɗiye duka da sunan hukunci. A zauna a yi lissafi, a ba shi ragowarsa. Abin da ya haura haƙƙi cin dukiyar mutum ne da ɓarna, ko da an kira shi ƙa'idar makaranta.

Uzurorin da ake kawowa

Na farko: "Sabon wurin sun ce in zo ranar Litinin." Wannan matsi ne na gaske, musamman a lokacin da aiki yake wuyar samu. Amma kafin ka yanke cewa ba mafita, ka gaya wa sabon wurin gaskiya cewa akwai wa'adi a kanka. Mai hankali a cikinsu zai ƙara ganin ƙimarka, don ya san yadda ka yi wa na baya haka za ka yi masa. Idan sun ƙi jira, ka koma wa tsohon ubangidanka ka nemi ya rage maka kwanaki, ko ka kawo wanda zai maye gurbinka, ko ka biya madadin ko da kaɗan-kaɗan ne. Ƙofofi uku ke nan na halal kafin a kai ga ta guduwa.

Na biyu: "In na sanar za a hana ni albashina." Wannan tsoro yana da dalili, kuma laifin samuwarsa yana kan iyayen gidan da suka saba yin haka. Babu laifi ka jira albashi ya shigo sannan ka miƙa takardarka washegari, ka riƙe kwafi mai ɗauke da sa hannun wanda ya karɓa da kwanan wata, ka ci gaba da aiki har wa'adi ya cika. Wannan taka-tsantsan ne. Amma zaton za a cuce ka bai halatta maka ka fara cuta ba.

Na uku: "Ai ban sa hannu a komai ba." Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa abin da al'ada ta tabbatar yana daidai da abin da aka shardanta. Kowa ya san malami ba ya barin aji a tsakiyar zango ba tare da sanarwa ba, kamar yadda kowa ya san ana biyan albashi a ƙarshen wata ko da ba a rubuta ba. Ba daidai ba ne ka riƙe al'ada inda take ba ka, ka yi watsi da ita inda take nema daga gare ka.

Na huɗu: "Wata uku ba a biya ni ba." Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Wanda ya daina biya shi ya fara warware ƙulli, ba shi da bakin neman notis, kuma ita kanta Dokar Ƙwadago ta bar wa kowane ɓangare damar rabuwa ba notis idan halin ɗaya ɓangaren ya kai ga haka. Haka nan wanda rashin lafiya ta kama, ko aka tilasta masa aikata haram, ko 'yar'uwar da ake nema da lalata a wurin aiki. Waɗannan su fita nan take, tsare addini da mutunci yana gaba da kowane wa'adi. Sai dai ko a nan amana tana nan: makullai, kuɗin da ke hannunka, sakamakon jarrabawar yara, duk a mayar. Ɗaliban ba su ne suka hana ka albashi ba.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda ake mantawa da su a rigimar baki ɗaya. Idan malamin hadda ya ɓace a tsakiyar zango, mai makaranta zai yi fushi na kwana biyu ya nemi wani, amma yaron da ke tsakiyar izu shi ne zai koma baya. Idan mai jinya ta tafi ba sanarwa, abokiyar aikinta ce za ta kwana biyu a jere ba barci, majiyyaci kuma ya ɗanɗana. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya game waɗannan duka. Kuma wanda ya ba da notis ya sani kwanakin wa'adin kwanakin aiki ne cikakku. Zuwa a makare, da sakin aiki, da janye abokan cinikin ubangida zuwa sabon wuri, duk tauye mudu ne.

Zuwa ga iyayen gida

Ya kai mai makaranta, ya kai mai shago, nauyin da ke kanka ya fi girma domin kai ne mai ƙarfi a wannan ƙulli. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira (RA) a kan mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, ya hana shi ladansa. Babu togaciya a ciki ga wanda ma'aikacinsa ya ɓata masa rai ranar tafiya.

Ka tuna kuma da hadisin mutum ukun da dutse ya rufe wa bakin kogo, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ɗaya daga cikinsu ya yi tawassuli ne da yadda ya yi da ladan wani ma'aikacinsa da ya tafi ya bar haƙƙinsa. Bai ce tunda ya tafi ya yi asara ba. Juya masa ladan ya yi har ya zama garken dabbobi, da mutumin ya dawo bayan lokaci mai tsawo ya miƙa masa duka. Da wannan aiki Allah Ya yaye musu abin da suke ciki. Ka auna wannan da halin wanda yake murna idan ma'aikaci ya yi kuskure don ya samu hujjar riƙe albashi.

Akwai abubuwan da ya kamata a daina. Rubuta wa ma'aikaci notis na wata uku alhali kai kana iya korarsa da yamma ɗaya, wannan shi ne mudu biyu da farkon Suratul Muɗaffifina ya yi wa narko: a karɓa da cikakke a bayar da tauyayye. Riƙe takardun shaidar karatun mutum na asali don kada ya tafi garkuwa ce da rayuwarsa. Korar wanda ya ba da notis a ranar ba tare da biyansa kwanakin wa'adin ba hukunta mai gaskiya ne, kuma sauran ma'aikata suna kallo. Gobe ba wanda zai sake sanar da kai. Ɓata sunan wanda ya tafi a wurin sabon ubangidansa kuwa, in ƙarya ce ƙazafi ne, in gaskiya ce ba a tambaye ka ba to ka binciki niyyarka.

Idan yaronka ya zo da ladabi yana neman ka rage masa wa'adi don kada dama ta kuɓuce masa, ka tuna da falalar da ta zo a hadisin Abu Dawud da Ibn Majah ga wanda ya yarda ya warware wa Musulmi cinikin da ya yi nadama a kai, cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Yaron da ka sallama da albarka yau, ba ka san a wace kujera za ka tarar da shi ba bayan shekara goma. Shi ma mai ɗaukar sabon ma'aikaci yana da nasa kaso: kada ka matsa wa mutum ya saɓa alƙawarin wani don ya zo maka, domin tarbiyyar da ka fara ba shi ke nan.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin wannan rigima yana ranar ɗaukar aiki: a rubuta albashi, da ranar biya, da kwanakin notis iri ɗaya a kan kowa, da abin da za a biya idan an saɓa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa umarnin, saboda haka neman a rubuta ba zargin kowa ba ne. Makarantunmu na Islamiyya su ya kamata su zama abin koyi a nan, alal misali a amince cewa mai son tafiya ya sanar wata guda kafin ƙarshen zango, makaranta kuma ta ɗaure kanta da irin wannan wa'adi da biyan albashi a kan lokaci. Idan saɓani ya auku a fara da sulhu ta hannun dattawa ko limami kafin a kai ga kotu, don sau da yawa kuɗin shari'a ya fi abin da ake jayayya a kai.

Wanda kuma ya san ya taɓa tafiya ba sallama, ko yana riƙe da albashin wani da ya bar wurinsa, ƙofa a buɗe take. Ya ɗauki waya ya nemi yafiya, ko ya lissafa ya mayar, tun yau da ake biya da Naira, kafin ranar da za a biya da kyawawan ayyuka.

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari, Ya azurta matasanmu da sana'a ta halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa. Allah ne mafi sani.